Za mu kai ɗalibai Yankari, iyaye sai tambayar zaki suke yi

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Yankari. Makarantarmu a nan Kano ta amince in kai 'yan aji biyar na sakandare, su 36, maza da mata, ziyarar kwana biyu a ƙarshen Maris. Ni ba giwa ce ta kai ni ba, tarihi nake koyarwa. So nake yaran nan su ga kogwannin Marshall da rijiyoyin Dukkey da idonsu, su daina ɗauka tarihi wani abu ne da ake haddacewa a zuba a jarrabawa. To tun ranar da takarda ta isa gidaje wayata ba ta huta ba. Kowace uwa tambayarta ɗaya: "Malama, ba zaki a wurin?" Tun ina dariya har abin ya fara shiga raina. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini gaskiya, me zan ji tsoro, me zan shirya?

Ɗan Alkaleri: Wa alaikumus salam Malama. Gidanmu ne kike shirin zuwa, maraba lale. Ki gaya wa iyayen yara su kwantar da hankalinsu a kan zaki. Zakunan da suka rage a dajin 'yan kaɗan ne ƙwarai, dajin kuma murabba'in kilomita 2,244 ne. Ni da aka haifa a gefensa ban taɓa haɗa ido da zaki ba, sai dai labari. In yaranku suka gan shi, ku yi walima, don kun ga abin da mutane ke zuwa sau goma ba su gani ba. Wanda zai tare ku tun kafin ku sauke jaka shi ne bika.

Maman Biyu: Wane ne kuma bika?

Ɗan Alkaleri: Wanda ku Kanawa kuke kira gwaggon biri, Hajiya.

Maman Biyu: Innalillahi, wannan ɗan fashin! Malama bari in ba ki nawa. Mun je da maigida da yara, muna isa masaukin Wikki na sauko da kular dambun shinkafa na ajiye a bakin ƙofa, na juya in ɗauko jakar kaya daga but. Wallahi ban yi taku biyar ba. Ina waigowa sai ga wani ƙato zaune, ya buɗe murfin kular kamar shi ya saya a Kantin Kwari, yana ɗiba da hannu biyu. Ƙaramin ɗana ya ɗauki dutse zai jefe shi, abin nan ya ɗago kai ya yage baki. Haƙoran da na gani ranar sun fi ɗan yatsana tsawo. Wani ma'aikaci ne ya zo da sanda ya kore shi, kuma tafiyar ƙasaita ya yi, ko gudu bai yi ba. Ma'aikacin ya ce mana sun iya murɗa hannun ƙofa, don haka rufewa kawai ba ta isa ba, sai an sa makulli ko ana ciki.

Sarkin Yawo: Hahaha Hajiya ai kin biya kuɗin shiga ne. Kowa sai ya biya.

Malam Na Gwale: Ni dai ra'ayina daban, kuma ku yi haƙuri. 'Ya'yan mutane 36 a ɗauke su a kai su daji, a wannan zamanin da muke ciki? In wani abu ya faru wa zai tsaya? Malama ce za ta kwana a ofishin 'yan sanda. Ga gidan zu nan a cikin gari, ga Gidan Makama, ga Dala, ga ganuwa. Tarihi ya ƙare a Kano ne da sai an tafi Bauchi?

Malamar Tarihi: Malam duk mun je waɗannan, Dala ma sau biyu. Amma ban raina maganarka ba, ita ce ma ta hana ni barci jiya.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, ni na yi aikin gandun daji shekaru masu yawa kafin in ajiye, kuma na san wannan dajin. Malam Na Gwale bai yi ƙarya ba, amana ce mai nauyi. Sai dai a nawa ganin, abin da ke cutar baƙo a irin wannan wuri ba shi ne abin da ya zo yana tsoro ba. Mutum zai zo idonsa na kan zaki da giwa, sai rana ta kayar da shi, ko ruwa, ko ya zura hannu a rami. Wurin nan tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a Disambar 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Duk tsawon shekarun nan makarantu na kai yara. Waɗanda suka sha wuya, in kin bincika, za ki tarar ko dai sun raina rana, ko sun raina maganar ɗan rakiya.

Abu na farko da zan roƙe ki: ki sake duba wannan ƙarshen Maris ɗin. Lokacin ne zafi ke kai makura, ma'auni na taɓa 40. Gaskiya ne a lokacin aka fi ganin namun daji, don ciyawa ta bushe, ruwa ya janye ko'ina, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji ta sha. Amma ke kin ce duwatsu da rijiyoyi za ki nuna, su kuwa ba sa zuwa ko'ina. Janairu ko farkon Fabrairu ya fi wa yara sauƙi.

Sarkin Yawo: Baba a yi mini afuwa, amma in aka kai yara ba su ga giwa ba ai an cuce su. Ni a Afrilu na je, muka ci karo da garke guda a bakin Gaji. Na ce wa direba ya tsaya, na diro na matsa na ɗauki hoto. Har yau shi ne a fuskar wayata. Ba abin da ya same ni.

Baba Mai Ritaya: Yaro, ba abin da ya same ka don kwananka na gaba ne, ba don ka iya ba. Akwai ɗa a garken?

Sarkin Yawo: Akwai ƙanana biyu, su ne ma suka sa hoton ya yi kyau.

Baba Mai Ritaya: To ka je ka yi sadaka. Giwa mai ɗa ba ta shawara. In ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, tana kaɗa shi, sallama take maka. In kuwa ta naɗe hanci ta sunkuyar da kai ta taho, ba mai tsere mata da ƙafa, duk girman jikin nan ta fi ka gudu. Kuma giwayen Yankari sun san mutum ta mummunar hanya, mafarauta sun daɗe suna bin su saboda haure. Kaɗan ne suka rage, ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma da su ƙasar nan ke tinƙaho. Ɓauna ma haka, ita ta ma fi giwa saurin fushi. Ka tuna Malama yara 36 za ta kai. In ɗaya ya ga babba ya diro daga mota, goma za su biyo shi.

Sarkin Yawo: Na karɓa Baba. Amma hoton ya yi kyau.

Admin: Sarkin Yawo, kar ka saka hoton nan a zauren nan, akwai ɗalibai a ciki.

Anti Nas: Malama sannu da ƙoƙari. Ni a Gombe nake aiki, bari in yi magana a kan ɓangarena. Kafin komai, takardar amincewar da iyaye za su sa wa hannu ki ƙara mata layi uku: yaron yana da sikila? Yana da asma? Yana da farfaɗiya? A cikin yara 36 a ƙasar nan da wuya a rasa mai ɗaya daga ciki, kuma iyaye da yawa ɓoyewa suke sai an tambaye su a keɓe. Mai sikila ƙishirwa da gajiya ke tayar masa da ciwo, haka nan fitowa daga ruwa iska ta buge shi da jiƙaƙƙen kaya. Mai farfaɗiya bai kamata ya shiga ruwa ba sai da babba a gefensa, hannu na iya kai wa gare shi. Mai asma abin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa, ba a jakar da aka bari a ɗaki ba.

Sai ruwan sha. Kar ki jira yaro ya ce yana jin ƙishirwa, 'yan mata musamman, sukan ƙi sha don kar fitsari ya kama su a daji. Ki sa doka, duk inda aka tsaya kowa ya sha a gabanki. Ki sayi ORS na leda a kemis, wato haɗin gishiri da sukari da ake jiƙawa a sha. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya fara ciwon kai da jiri, a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ya sha a hankali. Wanda kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya rikice, wannan ba na jira ba ne: a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, mota ta kama hanyar asibiti.

Direban Kosta: Anti ta ambaci mota, to nan ne nawa. Na kai makarantu wurin nan ba sau ɗaya ba. Daga Kano ta Ningi za ku bi zuwa Bauchi, daga nan ku hau titin Gombe, a Dindima ku karya ku nufi Mainamaji, nan ƙofar shiga take. Abin da mutane ba sa lissafawa: daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, a cikin daji tsantsa. Ba gidan mai, ba mai faci. Ku cika tanki a Bauchi, ku duba safaya da jak da ruwan lagireto tun a Kano. Ku tashi bayan asuba don ku shiga da rana tsaka, kar magariba ta same ku a hanya, zuwa da dawowa. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, don haka ki gaya wa iyaye tun a gida, in sun kira ba ta shiga ba kar su tayar da unguwa. Ku riƙe tsabar kuɗi, kar ku dogara da turawa ta waya.

Kuma in da hali ku je da ƙaramar mota ɗaya bayan kostar. In yaro ɗaya ya kamu da ciwo ba sai an kwashi 35 an bi shi asibiti ba.

Malam Na Gwale: Ni maganar hanyar ce ma ta fi damuna, ba dabba ba.

Ɗan Alkaleri: Wannan gaskiya ne Malam, kuma ba wanda zai ba ka tabbacin hanya wata biyu kafin tafiya. Abin yi shi ne makaranta ta rubuta wa hukumar wurin tun da wuri, a san da zuwanku, sannan ana saura kwana biyu a sake kira a tambayi halin da ake ciki. Direbobin tasha ma sun fi kowa sanin labarin hanya. In aka ce ku dakata, ku dakata, ko an riga an biya kuɗin mota. Kuma Malama, ranar tafiya da lokacin tashi ba abin sakawa a Facebook ba ne. In kun dawo kwa saka hotuna.

Malamar Tarihi: Ina rubutawa duka. Yanzu maganar wuraren tarihin fa? Su ne asalin tafiyar.

Baba Mai Ritaya: Yawwa, nan nake jiran ki. Kogwannin Marshall guda 59 ne, mutane ne suka fafe su da hannu a jikin dutsen yashi, an sa musu sunan Baturen da ya ba da rahotonsu a 1980, P.J. Marshall. Ƙofar kowane kogo 'yar ƙarama ce, zagayayya, ciki kuma ɗaki. Yaro na ganin wannan abin da zai fara zuwa masa shi ne ya zura kai ko hannu. To ki sani, wurin da mutum ya bari shekaru aru-aru bai zauna haka nan ba, wasu sun tare: jemagu, kunamu, zuma, macizai. Ɗan rakiya ne zai fara dubawa, da tocila, sannan yara su leƙa biyu-biyu. Kar a sa turare mai ƙarfi ranar, zuma ba ta son sa. In kuma ta taso, ba a tsayawa ana kaɗa hannu, a rufe fuska a bar wurin.

Rijiyoyin Dukkey sun fi ba ni tsoro. Sun haura 130, an haƙa su a cikin dutse, kuma ta ƙasa a haɗe suke da juna, dabara ce ta tara ruwa. Ana cewa zango ne na fatake da masu safarar bayi a da. Ba irin rijiyar gida ba ce mai baki da murfi, ramuka ne a ƙasa kusa da kusa, ciyawa na iya rufe wasu. Yaro yana tafiya yana kallon waya, ko yana ja da baya don ya ɗauki abokinsa hoto, shi ke nan. A wurin nan layi ɗaya za su yi, ɗan rakiya a gaba, malami namiji a baya, waya a aljihu sai an tsaya.

Ki tambaya kuma a kai ku Tunga Dutse, akwai zane-zane a jikin dutse da har yau ba a warware ma'anarsu ba. Sai wuraren narkar da tama na Shau Shau da Ampara, inda ragowar murahun mutanen da suke tsaye. Ɗalibin da ya ga wannan ba zai ƙara yarda a ce masa kakanninsa ba su san ƙarfe ba sai da Bature ya zo. Amma ki fara tambaya ko hanyar kowanne na biyuwa a lokacin, don wasu suna da nisa daga masauki.

Malamar Tarihi: Baba Allah ya ƙara girma. Wannan na ƙarshen shi ne darasin da nake son su dawo da shi.

Baba Mai Ritaya: Amin 'yata. To ki haɗa musu da wannan: kar wanda ya ɗauko ko ɗan guntun kashin maƙera ya sa a aljihu wai tsaraba, kar wanda ya rubuta sunansa a jikin dutse. Dutsen yashi ne, da ƙusa ma ana kankare shi. Na sha ganin inda mutum ya je wurin da ya shekara ɗaruruwa ya rubuta sunansa da na budurwarsa. Abin na ƙona mini rai.

Maman Biyu: Ni macijin nan da Baba ya ambata ne ya tsaya mini. In ya sari yaro a can cikin daji ya za a yi?

Direban Kosta: Sai a ɗaure saman wurin tam da igiya ko ɗankwali kar dafin ya hau, a tsaga a matse jinin. Ni a motata ma akwai baƙin dutse, wani ɗan Nijar ya sayar mini, ana ɗorawa ya tsotse dafin.

Anti Nas: Malam Direba don girman Allah kar ka yi wa ɗan kowa haka. Duk ukun da ka lissafa su ne suke kawo mana mutane a lalace. Macijin da ya fi sarar mutane a yankin nan namu kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe da nisa. 'Yar ƙarama ce, launin ƙasa, tana kwance a yashi ba za ka gan ta ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ka ga kuwa wanda jininsa ba ya tsayawa ka sa masa reza, me ka yi? Ɗaurin tam kuma yana kashe naman ƙafa, dafin bai tsaya ba, ƙafar ta tafi. Baƙin dutse ba ya cire komai, lokaci kawai yake ci.

Abin yi: a janye yaron daga wurin, a kwantar masa da hankali, kar ya yi gudu, kar ma ya taka in da hali. A cire zobe, agogo, awarwaro ko takalmi kafin wurin ya kumbura. A sa wa ƙafar ko hannun katako a naɗe sako-sako kamar mai karaya don kar ya riƙa motsi. A duba agogo a riƙe lokacin. A ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman na saran maciji, amma tun kafin ku tafi ki tambaya wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar a ajiye. Kuma ko yaro ya ce ba ya jin komai a tafi. Kububuwa takan bar mutum yana hira, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi.

Direban Kosta: Anti ni fa na ga wanda aka ɗora wa dutsen ya warke.

Anti Nas: Na yarda ka gani. Ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, kuma ba kowane maciji ne mai dafi ba. Wannan ko ba a ɗora masa komai ba zai tashi. Dutsen ya ci suna a banza. Waɗanda bai yi wa aiki ba mu muke ganin su, ba sa dawowa tasha su ba da labari.

Baba Mai Ritaya: Direba ka saurare ta. Mu ma da ɗauri aka koya mana muna samari, daga baya likitoci suka zo suka ce mu daina. Ba abin kunya ba ne. Ni dai abin da na sani, maciji ba ya farautar mutum. Takalmi rufaffe, kambas da safa, ba silifas ba. Dogon wando. Kar a ɗaga dutse, kar a zauna kan tsohon kututture ba a duba ba. Da dare ba mai fita ba tocila. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama.

Malam Na Gwale: Kun ga abin da nake faɗa ko? Maciji, kunama, rami, biri. Duk da haka a ce a tafi?

Ɗan Alkaleri: Malam, duk abin da ka lissafa in ka cire biri akwai shi a gonar kakanka. Mu da muke kwana muna tashi a nan fa?

Sarkin Yawo: Ni dai na ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. A tafi kawai.

Malam Na Gwale: A'a, kar ka fake da wannan. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ni ban ce kar a dogara ga Allah ba, igiyar nake tambaya.

Baba Mai Ritaya: To ai igiyar ake ta murzawa tun ɗazu, Malam.

Maman Biyu: Ba wanda ya yi maganar ruwan Wikki, kuma wallahi nan ne hankalin yaran zai tafi. Nawa sai da aka yi rigima kafin su fito.

Ɗan Alkaleri: Hajiya kin taɓo babba. Malama, in akwai wuri ɗaya da zan ce ki sa ido fiye da ko'ina, to nan ne. Ana sauka da matakala, ruwan na fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Garau yake, kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Wannan hasken shi ne yaudarar: ido na gaya maka iya ƙugu ne, alhali wajen bakin dutsen zurfin ya kusa mita biyu, ya shanye dogon mutum. Can ƙasa inda ya gangara ne bai da zurfi. Yaran Kano nawa ne suka iya iyo? Kowa zai ce ya iya don kar a yi masa dariya.

Anti Nas: Kuma nutsewa ba ta da ihu, wannan mutane ba su sani ba. Ba kamar a fim ba ne. Yaro zai tsaya a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage, baki na shiga yana fita, ba ya iya kira. Na kusa da shi ma zai ɗauka wasa yake. Don haka dole a samu babba ɗaya a tsaye a waje wanda ba ya wanka, ba ya waya, ba ya hira, aikinsa ƙirga kai kawai. Su shiga goma-goma, ba duka ba.

Malamar Tarihi: 'Yan matan fa? Iyaye da yawa ba za su so su shiga ba, ni ma ban so a cakuɗa.

Maman Biyu: Ki raba lokaci, mata da malamai mata da sassafe kafin mutane su taru, mazan su tafi gidan adana kayan tarihi da ke cikin masaukin, akwai ƙasusuwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace wa mafarauta. Daga baya a yi musanya. Amma ki ji wannan: kar yarinya ta shiga da dogon hijabi ko zani. Ni na gwada. Yana jiƙewa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafa, in ka nutsa ya taso ya rufe fuska. Riga mai dogon hannu da wando da 'yar hula mai kama kai sun wadatar, hijabin na jiran ta a bakin ruwa. Sai dai a sa mai gadin kayan, don mutumina na kan bishiya yana kallo.

Baba Mai Ritaya: Kuma iyakar wanka nan ne. Kogin Gaji ba wurin alwala ba ne, akwai kada, akwai dorina.

Anti Nas: Tunda an dawo kan biri: in ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, sannan a je asibiti a yi maganar allurar da ake yi wa wanda mahaukacin kare ya ciza. Kar a ce ai ɗan ƙarami ne. Hanya mafi sauƙi dai kar yaro ya yi yawo da abinci ko leda a hannu, kar kuma a ba su. In ya ƙwace a bar masa.

Malamar Tarihi: Wata tambaya, kar ku yi mini dariya. Kayan makarantarmu shuɗi ne mai duhu, shugabar makaranta na so su sa don hoto.

Ɗan Alkaleri: Ba abin dariya ba ne, kin yi tambayar da ta fi kowacce. Akwai ƙudan tsando a dajin, wanda ke sa wa shanu sammore, kuma ba abin da yake so kamar shuɗi da baƙi. Yana bin mota in tana tafiya, cizonsa kamar an soka maka allura, yana ratsa yadi marar kauri. Su ɗauki hotonsu da kayan makaranta a bakin ƙofa, in za a shiga daji su sa masu launin ƙasa ko ruwan toka, masu dogon hannu. Da dare kuma sauro, ku zo da gidan sauro ko maganin shafawa.

Af, kar ki yi wa yara alkawarin raƙumin dawa da jakin dawa. Waɗannan a Sumu suke, ta wajen Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su. A Yankari za su ga gwanki, kanki, gwambaza, mazo, da gadu yana kiwo a tsakar masauki a durƙushe kamar akuyar gida. Shi ma kar a matsa masa, haƙoransa ba na ado ba ne.

Malam Na Gwale: To ni dai in har za a yi, malamai nawa za su bi su? Kar a ce ke kaɗai da direba.

Malamar Tarihi: Mu uku aka ba ni.

Malam Na Gwale: Bai isa ba. Ki nemi shida, kowane malami da yara shida, ya san su da suna, shi zai ƙirga su duk shiga mota da fita. Ki sayi usur. In makaranta ta ce ba kuɗi, a cikin iyayen nan masu kiran ki a waya ki ce biyu su biyo ku. Wadda ta fi tsoron zakin ita za ki fara gayyata, ita ce ba za ta runtsa ba.

Maman Biyu: Malam ashe ka sauko.

Malam Na Gwale: Ban sauko ba Hajiya. Da ɗana ne sai na ga sunayen malaman shida a rubuce kafin in sa hannu.

Malamar Tarihi: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Gobe zan shiga wurin shugaba da buƙata uku: a ɗaga tafiyar zuwa Janairu mai zuwa tunda Maris ɗin bai yi ba, a ƙara malamai, a ba mu ƙaramar mota. Anti Nas, zan bi ki ta akwatin sirri ki rubuta mini abin da zan zuba a akwatin taimakon gaggawa. Baba, in an amince zan dawo ka tsara mini wanne za mu fara gani, kogwannin ko rijiyoyin.

Baba Mai Ritaya: Rijiyoyin, da sanyin safiya, kafin yara su gaji ido ya fara yawo.

Direban Kosta: In ba ku samu mota ba ina nan Malama. Dutsen kuma na fitar da shi daga motar, Anti ta huta.

Anti Nas: Ka cika gurbinsa da ledar ORS.